Cinikin Biri a Sama: Martani ga Mai Cewa Ba Mu Karanta Yarjejeniya Ba

Makonni uku da suka wuce na rubuta a wannan fili cewa mutumin da ya tara wasannin kwamfuta ɗari uku a asusunsa na Steam bai mallaki ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba shi da hanyar kwashe su ya koma wani kanti. Sai ga doguwar wasiƙa daga wani bawan Allah da ya ce rubuta manhaja ce sana'arsa, da ita yake ciyar da iyalinsa. Ya roƙi kada a ambaci sunansa, na kuwa girmama roƙonsa. Laifuka takwas ya jera mini. Wasu suna da nauyi, wasu iska ce kawai, akwai kuma inda yake da rabin gaskiya, ba zan hana shi ita ba. Malam, ga amsarka.

Bari in fara da mafi sauƙi, ko da yake kai a na shida ka ajiye shi. Ka ce duk wannan surutu dabara ce ta halatta satar fasaha. Ai Malam, ɓarawon wasa ba shi da ciwon da nake magana a kai. Kwafin da ya sauke an riga an ɓalle masa kwaɗo, ba ya neman asusu, ba ya neman intanet, babu mai kashe masa shi daga nesa. Wanda ya biya shi ne mai kuka. Shi kansa Gabe Newell, shugaban kamfanin Valve mai kantin Steam, ya faɗa tun 2011 cewa yawancin satar wasanni daga rashin kyakkyawar hidima ga mai saye take tasowa, ba daga tsadar farashi ba. In wannan magana ba ta mai da shi ɓarawo ba, tawa ma ba za ta mai da ni ba.

Zarginka na farko shi ne ba mu karanta yarjejeniya ba, muna danna "na amince" da ido rufe, sannan mu dawo muna ƙorafi. Na karanta, karatun ne ma ya sa na ɗauki alƙalami. Yarjejeniyar Steam ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa lasisi ake ba ka, ba sayar maka aka yi ba, kuma lasisin bai mallaka maka komai ba. Na Epic da na Ubisoft da na EA duk kanwar ja ce. Ban taɓa musun wannan ba. Tambayata ita ce: me ya sa shekara da shekaru abin da ke gaban idon mai saye kalmar "saya" ce, ita kuma kalmar "lasisi" tana can ƙasan takarda mai tsawon gaske da aka rubuta da yaren lauyoyi? Ka je Kantin Kwari, mai shago ya ce ya sayar, ka ce ka saya, ka ƙirga masa kuɗi, kana shirin fita da shaddarka sai ya zaro takarda daga ƙarƙashin teburi ya ce, af, aro na ba ka, ranar da na ga dama zan aiko a karɓa. Ko da ka sa hannu a takardar, babu dattijon kasuwar da zai ce an yi ciniki na gaskiya.

Wanda ya taɓa zama gaban malami ya karanta babin ciniki a Risala ya san saye daban, haya daban. Saye yana mayar da abu mallakinka. Haya kuwa sai an san wa'adinta. To wannan da muke yi da kantunan intanet wanne ne? Ba saye ba ne, da bakinsu suka faɗa. Ba kuma haya ba ce irin wadda muka sani, domin babu wanda ya gaya maka ranar ƙarewarta. Kuɗin saye ka biya, aka ba ka hayar da mai gida kaɗai ya san ranar tashi.

Kuma ba ni kaɗai na ga haka ba. Majalisar dokokin jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka mai lamba AB 2426, Gwamna Gavin Newsom ya sa mata hannu a watan Satumba na 2024, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2025. Dokar ta hana kanti ya yi amfani da kalmar saye a kan kayan dijital sai ya bayyana wa mai saye a fili cewa lasisi ne yake karɓa, in ban da kayan da mutum zai sauke ya ajiye dindindin ya yi amfani da su ba tare da intanet ba. Tun kafin dokar ta fara aiki, a watan Oktoba na 2024, Valve ya manna sanarwa a wurin biyan kuɗi cewa abin da kake biya lasisi ne. Shekara ashirin da ɗaya bayan buɗe Steam a 2003. Idan da ma kowa ya sani kamar yadda kake cewa, me aka daɗe ana jira?

Zargi na biyu ne ya fi nauyi, a nan kuma kake da rabin gaskiyar da na yi maka alkawari. Ka ce ina kukan zamanin da bai taɓa wanzuwa ba, domin ko lokacin faifai, manhaja lasisi ce. Haka ne a takarda. A 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka, a shari'ar Vernor da kamfanin Autodesk, ta ce wanda ya karɓi manhaja a faifai bisa irin wannan sharaɗi mai lasisi ne, ba mai mallaka ba. Kuma zamanin faifai yana da nasa azabar. Wasan Spore na 2008 ya zo da kwaɗon SecuROM wanda ya ƙayyade sau nawa za ka ɗora shi a kwamfuta. Da Windows 10 ta fito a 2015, fayafayan da aka kulle da SafeDisc suka daina tashi a kanta. Ba na kewar wannan.

Sai dai ka tsallake wani abu. Faifan nan, duk abin da takardar cikin kwalinsa ta ce, yana hannunka. Kana ara wa ƙaninka, kana sayar wa maƙwabci in aljihu ya bushe, kana musanya shi da wani a hannun aboki, in ka rasu a same shi a cikin akwatinka. Kamfanin ba shi da hannun da zai miƙo cikin ɗakinka ya ɗauke. Takarda ba ta canja sosai ba tsakanin jiya da yau, abin da ya canja shi ne yanzu suna da hannun.

Kalmar "lasisi" ita kaɗai ma ba ta yanke hukunci. A Najeriya, tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasa tana hannun gwamna, abin da kake riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99. Amma wannan haƙƙi ana gadonsa, ana sayar da shi da amincewar gwamna, in kuma gwamnati ta karɓe don amfanin jama'a akwai maganar diyya. Ka ga ke nan abu zai iya zama izini kawai, duk da haka ya zo da wa'adi sananne, da gado, da sayarwa, da diyya. Lasisin wasa babu ko ɗaya cikin huɗun nan. Ba sunansa ne ya hana ba, waɗanda suka rubuta shi ne suka zaɓi haka.

An kai maganar gaban alƙalai a Turai, hukuncin kuwa ya yi ta kai-kawo. A watan Yuli na 2012 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar UsedSoft da Oracle, ta ce wanda ya sayi lasisin manhaja marar wa'adi yana da damar sayar da shi ga wani, ko da ta intanet ya sauke. Bayan haka ƙungiyar kare masu saye ta Faransa, UFC-Que Choisir, ta kai Valve ƙara a 2015. A watan Satumba na 2019 kotun Paris ta ba ƙungiyar gaskiya, ta ce masu wasanni a Steam suna iya sayar da su. A Oktoba na 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan ɓangare, a Oktoba na 2024 kuma kotun ƙoli ta Faransa ta tabbatar da rushewar, bisa hujjar cewa wasa ba manhaja ce zalla ba, akwai kiɗa da zane da labari a cikinsa, don haka hukuncin 2012 bai hau kansa ba. Valve ya yi nasara, ban ɓoye ba. Amma abin da alƙalai suka shafe kusan shekara tara suna saɓani a kai, kai ka kira shi jahilcin wanda bai karanta takarda ba?

Maganar gado ce ta fi tsaya mini a rai. A watan Mayu na 2024 wata amsa daga sashen kula da masu hulɗa na Steam ta bazu a duniya, inda suka ce asusu da wasannin cikinsa ba a mayar da su ga wani, ko da ta hanyar wasiyya ce. Kantin GOG ya ce shi in an kawo masa umarnin kotu zai yi ƙoƙarin miƙa asusun ga magaji. Mu da muke zama a raba gado har tabarma da buta, a lissafa bashin mamaci har na mai kayan miya, yaya za mu ji labarin dukiyar da take mutuwa tare da mai ita mu ce ba komai? Wasa ɗari uku, ko a kan dala goma-goma ka saye su, dala dubu uku ke nan. Na san abin da za ka ce: ka bar wa ɗanka kalmar sirri, shi ke nan. I, ana yi. Amma yarjejeniyar da kake tinƙaho da ita ta hana, wato shawararka ita ce ɗana ya ci gadonsa a ɓoye kamar mai laifi. Tsarin Steam Families da aka buɗe wa kowa a 2024, wanda ke barin mutum shida na gida ɗaya su yi amfani da wasannin juna, abu ne mai kyau, amma aro ne a cikin aro.

Na uku, ka ce babu wanda ya kulle kowa, kantuna suna da yawa, wanda bai ji daɗi ba ya canja. Malam, ka tuna yadda muke da layukan waya kafin watan Afrilu na 2013? Kamfanoni suna da yawa a lokacin ma. Amma in sabis ya dame ka, ba ka iya tafiya, domin lambarka ce a jikin allon shagonka, ita ce a hannun 'yan'uwa da abokan ciniki. Sai dai ka ƙara waya ta biyu da ta uku, aljihu ya cika. Ba ƙofa aka rufe ba, lambarka aka riƙe. Sai da Hukumar Sadarwa ta tilasta tsarin ƙaura da lamba, wanda Gana ta riga mu farawa tun 2011, sannan zaɓin ya zama na gaske. Babu kamfanin da ya ba da wannan don ganin damarsa.

A wasanni, rumbun wasannin da ka tara ne lambar. Ƙofa a buɗe take, amma sai dai ka fita da hannu biyu. Wasannin ba sa bin ka. Ƙarin sassan da ka saya wa wasa ba sa hawa kan kwafin wani kanti. Abokan da kuke bugawa tare suna can. Kuɗin da ke cikin lalitar Steam, ko da kayan cikin wasa ka sayar ka same su, ba a cire su a mayar banki, sai dai ka ƙara sayen wani abu a nan ciki. Har wasu kantunan da kake lissafa mini, irin su Humble da Fanatical, mafi yawan abin da suke sayarwa lambar buɗewa ce da za ka kai Steam ka shigar. Ka saya a waje, kayan ya sauka a rumbu ɗaya dai. Farkon shigar ma ba kowa ne ya shiga da ƙafarsa ba. A 2004 wanda ya sayi faifan Half-Life 2 a shago dole ya buɗe asusun Steam kafin wasan ya tashi, haka wanda ya sayi faifan Skyrim a 2011.

Kana son ganin ƙarfin wannan kulli? Dubi Epic Games. Ya buɗe kantinsa a Disamba na 2018 yana karɓar kashi 12 cikin ɗari daga masu wasa, a lokacin da Steam ke karɓar 30 a mafi yawan ciniki. Ya yi ta rabon wasanni kyauta, har da Grand Theft Auto V a watan Mayu na 2020. Ya biya kamfanoni su kawo wasanninsu wurinsa shi kaɗai, kamar Metro Exodus da aka janye daga Steam a Janairu na 2019 ana saura makonni ya fito. Duk da kuɗin wasansa na Fortnite da ke bayansa, a Nuwamba na 2023 shugaban kantin ya shaida wa kotu cewa har lokacin bai fara cin riba ba. Na yarda wani laifin nasu ne, kantin da sai a ƙarshen 2021 ya samu kwandon zuba kaya ba abin yabo ba ne. Amma mutane da yawa suna zuwa su karɓi na kyauta ne su koma gida, gidan kuwa shi ne inda rumbu yake.

Kada ka ce mini ƙaura da kaya ba ta yiwuwa. GOG ya taɓa yin tsarin GOG Connect daga 2016, wanda ke duba wasu wasannin da kake da su a Steam ya ba ka kwafinsu kyauta, sai dai masu wasannin kaɗan ne suka yarda, tsarin ya mutu. A harkar fina-finai a Amurka akwai Movies Anywhere tun 2017, inda fim ɗin da ka saya a kanti ɗaya yake bayyana a sauran. Da kamfanin Bethesda ya rufe tasa manhajar a 2022, ya bar mutane suka kwashe wasanninsu zuwa Steam. Ashe in mai kaya yana so, ana iyawa.

Na huɗu ba zan daɗe a kansa ba. Ka ce ƙiyayyar Valve ce ke damuna, har ka yi shaguɓen ko wani ne ya biya ni. Da ma an biya, da na sayi inbata. A Steam mafi yawan wasannina suke, kuma a ganina ya fi sauran kantunan kyautata wa mai saye nesa ba kusa ba. Wasan da aka daina sayarwa galibi yana barinsa a rumbun wanda ya riga ya biya. Aikin Proton da ya fitar a 2018 ya sa dubban wasannin Windows suna tashi a Linux. Yana mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga awa biyu ba. Sai dai ka lura da ranaku: hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta kai Valve ƙara a 2014 kan batun mayar da kuɗi, wannan tsari ya fito a Yuni na 2015, a 2016 kotu ta ci kamfanin tarar dalar Ostareliya miliyan uku. Kowa ya yi lissafinsa. Akwai kuma ƙarar da kamfanin Wolfire ya shigar a Amurka a 2021 yana zargin Valve da hana masu wasa sayarwa da rahusa a wasu kantuna. Zargi ne, kuma a matsayin zargi na kawo shi.

Na biyar, ka ce ina tsorata mutane da dodon da babu shi, ka ƙalubalance ni in nuna wanda aka taɓa ƙwace wa wasa. To bismilla. The Crew wasan tseren mota ne na kamfanin Ubisoft na Faransa, ya fito a Disamba na 2014, an sayar da shi da cikakken farashi, a faifai da ta intanet. Akwai labarin da mutum zai buga shi kaɗai a cikinsa, amma an gina shi yadda ba ya tashi sai ya gaisa da uwar garke, wato kwamfutocin kamfanin. A Disamba na 2023 aka daina sayar da shi. Ranar 31 ga Maris, 2024, aka kashe uwar garken. Daga ranar, na faifai da na intanet duk suka zama hoto. A watan Afrilu kuma masu shi suka ga an cire lasisin daga asusunsu na Ubisoft, ko saukewa ba sa iya yi. Da wasu suka kai ƙara a Kalifoniya, amsar lauyoyin kamfanin ita ce taka: da ma lasisi mai iyaka suka saya. Watanni kaɗan kafin a kashe uwar garken, a Janairu na 2024, wani babban jami'in kamfanin, Philippe Tremblay, yana magana kan tsarin biyan kuɗin wata-wata, ya ce bunƙasarsa tana buƙatar 'yan wasa su saba da rashin mallakar wasanninsu. Biri ya yi kama da mutum.

Ba shi kaɗai ba ne. Microsoft ya rufe kasuwar Games for Windows Live a 2013, wasannin da aka ɗaure da tsarin suka shiga halin ni-'yasu na shekaru. Grand Theft Auto IV sai da aka janye shi daga Steam a farkon 2020, ya dawo ba tare da sashen buga wasa da jama'a ba. Kantin Desura ya durƙushe bayan kamfanin da ke riƙe da shi ya karye a 2015. Akwai kuma ƙwace mai laushi: Steam ya daina tallafa wa Windows XP da Vista a farkon 2019, sannan Windows 7 da 8 daga 1 ga Janairu, 2024. Tsohon wasan da aka yi domin tsohuwar kwamfuta, wanda take iya ɗauka sarai, sai ya zama mai gadin ƙofa ne ya ce ta tsufa. Wanda ke amfani da kwamfuta 'yar gwanjo ya san wannan ba labarin wasu ba ne.

Ka kawo misalin dandalin wasanni na Stadia, cewa da Google ya rufe shi a Janairu na 2023 ya mayar wa kowa kuɗinsa. Gaskiya ne, ya kyauta. Amma Google mai kuɗi ne ya rufe reshe, ba karyewa ya yi ba. Wanda ya karye da me zai mayar? Ka kuma ce an san Valve zai buɗe duk kwaɗuna in ya tashi rufewa. Wannan magana ta daɗe tana yawo a bakin 'yan wasa, amma ba ta cikin yarjejeniyar da ka ce in karanta. Valve kamfani ne mai zaman kansa da ba ya kasuwar hannun jari, halinsa kuwa halin mutanen da ke riƙe da shi ne a yau. An haifi Newell a 1962, Allah ya ƙara masa lafiya. Wanda zai gaje kujerarsa zai gaji wannan takarda yadda take, da duk ikon da ta bayar wanda ba a yi amfani da shi ba tukuna. Kayan aro ba ya rufe katara, ko da mai ba da aron mutumin kirki ne.

Na bakwai, ka ce ba mu san aikin ba, muna so a tilasta wa kamfanoni su riƙe uwar garke har abada. Wannan hujja ta yi kama da wadda ƙungiyar kamfanonin wasanni ta Turai, Video Games Europe, ta kawo a Yuli na 2025, cewa abin zai yi tsada kuma uwar garken da jama'a ke riƙewa ba ta da kariya. Sun faɗi haka ne lokacin da takardar koke ta yunƙurin Stop Killing Games, wanda Ross Scott ya fara a Afrilu na 2024 saboda The Crew, ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Tarayyar Turai. Amma ba abin da aka nema ba ke nan. An ce ne in za ka tafi, ka bar wasan a yanayin da zai tashi: ko ka cire sharaɗin intanet, ko ka ba mutane abin da za su kafa tasu uwar garken da kuɗinsu. Ba sabon abu ba ne. Quake da Counter-Strike na farko haka aka yi su, shi ya sa har yau ana buga su. Masu Knockout City da suka rufe a 2023 sun saki kwafin da jama'a za su riƙe da kansu. City of Heroes an rufe shi a 2012, masoyansa suka raya shi, a 2024 kamfanin NCSoft ya ba su izini a hukumance. Shi kansa Ubisoft, da wuta ta yi zafi, ya sanar a Satumba na 2024 cewa zai sa wa The Crew 2 hanyar bugawa ba tare da intanet ba. Abin da aka ce ba ya yiwuwa sai ga shi ya yiwu.

Inda zan sake ba ka gaskiya shi ne akwai wasannin da wannan zai yi wa wuya, waɗanda aka gina a kan manhajojin wasu kamfanoni, ko suke ɗauke da waƙoƙi da sunayen motoci da aka yi hayarsu na ƙayyadadden lokaci. Ubisoft ma ya ambaci matsalar lasisi cikin dalilansa na rufe The Crew. To in kamfani ya san abin da ya ɗauko haya yana da wa'adi, ya rubuta wa'adin kusa da farashi mana, kamar yadda ake rubuta ranar lalacewa a gwangwanin madara. Mai so ya saya da saninsa.

Na ƙarshe shi ne ya fi ba ni mamaki daga bakin mai rubuta manhaja. Ka ce wasa ne fa, aikin yara, kuma matsalar Turawa ce, mu muna da abin da ya fi wannan damunmu. Muna da shi, ba shakka. Amma wa ya fi cutuwa da wasan da ba ya tashi sai da intanet, wanda ke Jamus ko wanda ke auna data da cokali yana jiran a kawo wuta? A watan Mayu na 2024 Sony ya ce duk mai buga Helldivers 2 a Steam dole ya haɗa shi da asusun PlayStation Network, wata uku bayan mutane sun biya. Wannan asusu ba a buɗe shi a hukumance a mafi yawan ƙasashen Afirka. Aka dakatar da sayar da wasan a ƙasashe da yankuna fiye da 170. Sony ya janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki, bayan 'yan wasa sun yi masa ruwan ƙorafi. Ihun waɗanda ke manyan kasuwanni ne ya cece mu, babu wata takarda a hannunmu da za mu nuna.

Kuma wannan tsari bai tsaya a wasa ba. A 2009 Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane daga nesa ya goge kwafin littafin 1984 na George Orwell da suka biya, ya mayar musu da kuɗi. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, littattafan da aka saya suka daina buɗewa, shi ma ya mayar da kuɗi. Ɗalibinmu da ke tara littattafan karatu a waya, irin takardar da ɗan wasa ya sa wa hannu ita ya sa wa hannu. Binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. Waɗanda suka rage a hannun jama'a sun rage ne domin wani ya ajiye faifai ko kaset a kwali. Na yanzu da ke jingine da uwar garke, a wane kwali za a ajiye su?

Ni dai abin da nake yi, in wasa yana GOG, kantin da kamfanin CD Projekt na Poland ya buɗe a 2008 ba tare da kwaɗo ba, can nake saye, in sauke fayil ɗin ɗorawa in adana a ma'ajiya ta waje. Shi ma a takarda lasisi ne, ba na yaudarar kaina, kuma manyan wasanni da yawa ba sa zuwa can. Sauran ina sayensu a Steam kamar kowa, da sanin cewa biri yana sama.

A ƙarshen wasiƙarka ka ce asusunka ya shekara goma sha biyar, wasanni sun fi ɗari huɗu, ba ka taɓa rasa ko ɗaya ba, kuma kana da ɗa namiji da ya fara sha'awar abin. Allah ya raya shi. Ka rubuta wa kantin ka tambaye su yadda za ka sa sunan yaron a kan asusun, duk amsar da suka ba ka ka aiko mana. Na yi magana da edita, ya ce zai buga ta yadda ta zo.